"Kid": yadda ɗan akuya ya koma ɗan mutum a bakin Bature

Wannan na cikin bayanan filinmu na asalin kalmomi, wanda ke zuwa muku bayan sallar isha'i. An ce a sa shi a takarda saboda waɗanda ranar suna daji da bisashe, ko dare ya riske su a hanyar kasuwa.

Abin da ya jawo maganar, wani dattijo ne makiyayi ya bugo mana waya, kuma tun daga sallamarsa na ji ransa a ɓace yake. Yana da yaro da ke karatun boko a tsallaken iyaka, ɓangaren Najeriya, wurin ƙanwar uwarsa. Yaron ya zo hutu yana ba da labari, wai malamarsu in ta shigo aji sai ta ce musu "kids". Yayan yaron yana da wani ƙaramin ƙamus, ya duba kalmar, ya karanta wa tsoho abin da ya gani: ɗan akuya. Dattijon ya ce da ni, "Yaro, karatu na kai shi a koya masa. Ban kai shi a riƙa ce masa ɗan akuya ba. Ran kasuwa zan ƙetara, sai na ga malamar nan ido da ido."

Na ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka. A ba ni mako guda kafin a ƙetara."

Kai mai karatu, kada ka yi wa tsohon dariya. Ka san nauyin wannan magana a bakinmu. In Bahaushe ya ce wa namiji ɗan akuya ko bunsuru, ba yana yabon tsallensa ba ne, yana nufin mutum ne da ba ya kame kansa a wajen mata. Zagi ne da ke iya kai mutane gaban mai gari. To a ce ana faɗa wa yaro ɗan shekara goma haka kowace safiya, wane uba ne zai yi shiru?

Ga abin da na samo: ƙamus bai yi ƙarya ba, malama kuma ba ta yi zagi ba. Kalmar tana da ma'ana biyu a Turanci, kuma ta akuyar ce babba, ta girmi ta yaron da kusan shekara 400. Wato kalmar makiyaya ce tun asali. Ma kuma ba ta Ingilishi ba ce, baƙuwa ce, a jirgin ruwa ta zo.

Akwai wasu mutane daga can arewacin Turai, ƙasashen da yau ake kira Danmak da Norwe da Suwidin, waɗanda tarihi ya sani da sunan Viking. A shekarar 793 suka afka wa wani gidan ibada na Kirista a tsibirin Lindisfarne da ke gaɓar arewa maso gabashin Ingila, suka kwashi ganima. Da farko hari kawai suke kawowa su koma. A 865 sai suka zo da babbar runduna, shekara ta zagayo suka ci birnin Yok, bayan kamar shekara goma kuma suka raba ƙasa a tsakaninsu suka kama noma. A fina-finai kullum da gatari ake nuna su, amma yawancinsu a gida manoma ne masu shanu da tumaki da awaki. A harshensu sunan ɗan akuya "kið". Harafin nan na ƙarshe ana furta shi kamar zalun na Larabci, wanda ake sa bakin harshe tsakanin haƙora. Wanda ya yi makarantar allo ya san shi.

Suka zauna a arewa da gabashin Ingila, suka auri ƴan ƙasa, suka haɗa kasuwa da mashaya. Har gobe in ka ga garin Ingila da sunansa ya ƙare da "by", irin su Derby da Grimsby da Whitby, to sawunsu ne, don a harshensu "by" na nufin gona ko ƙauye, kamar yadda mu muke da Tungar wane da Gidan wane da Rugar wane. Kai da ke zirga-zirga a kan iyaka ba sai an faɗa maka abin da ke faruwa da harsuna biyu in suka haɗu a kara ɗaya ba. Mu ma kalmar kasuwa daga Barebari muka karɓe ta, raƙumi daga harsunan mutanen Sahara, nagge daga Fulani. Haka Ingilishi ya karɓi kalmomi masu yawa daga bakin waɗannan baƙi, kuma ba na manyan malamai ba, na cikin gida: "egg" wato ƙwai, "knife" wato wuƙa, "leg" wato ƙafa, "skin" wato fata. Ka lura, duk kayan da mahauci da mai kiwo ke ambata kullum ne.

Ingilishi na da nasa sunan ɗan akuya kafin zuwansu, "ticcen". Baƙuwar kalma ta ture ta gida, har ta mutu, yau ba Baturen da ya san ta sai masu binciken tsoffin takardu. Uwar dai ta tsira da sunanta na asali, "gat", wanda ya koma "goat". Sai ka ga abin mamaki: akuya Ba'ingilishiya, ɗanta kuma da sunan baƙi. A nawa ganin wannan ba ya rasa nasaba da ciniki, don ƙanana ake yawan kaiwa kasuwa, kuma sunan da mai saye da mai sayarwa suka fi jituwa a kai shi ke zama.

Ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa da aka ga kalmar a ciki da Ingilishi shi ne wani littafin wa'azi da ake kira Ormulum, wanda wani malamin Kirista mai suna Orm ya rubuta a gabashin Ingila wajen shekara ta 1200 ko kaɗan kafin nan. Shi kansa sunan Orm na mutanen arewan ne, ma'anarsa maciji. Daga wannan lokaci, ƙarni bayan ƙarni, in Bature ya ce "kid" to dabba yake nufi, ko namanta, ko fatarta.

Sai a ƙarshen ƙarni na 16, wajen shekarun 1590, aka fara ganin kalmar a rubuce da ma'anar ɗan mutum. Kuma a nan ne Baba ke da ɗan abin kamawa, don ba a gidajen mutunci ta fara ba. A bakin ƴan tasha ta fara, da ɓarayi da mabarata da ƴan damfara na biranen Ingila. Waɗannan mutane suna da zaurancensu, yadda za su yi magana a gaban mutum bai gane ba, kamar yadda dillalai ke yi a kara in ba sa son mai dabba ya ji farashi. Wajen 1699 aka buga wani ƙamus a Landan na wannan zaurance, don mutanen kirki su gane abin da ake faɗa a kansu, kuma "kid" na ciki da ma'anar yaro.

Me ya sa akuya, ba tunkiya ko saniya ba? Kai da ka kwana da garke ka fi ni amsa. Ɗan rago bin uwarsa yake yi, kai a ƙasa. Maraƙi na da nauyin jiki. Amma ɗan akuya kwana kaɗan da haihuwa ya hau turmi, ya hau danga, ya sa kai a tukunya, ya tauna gefen zanen da aka shanya. In ya yi kuka da dare kuma, sau nawa mace ta fito da gudu tana zaton jinjirinta ne? Duk wanda ya fara kallon yaran unguwa suna tsalle-tsalle a kan titin Landan ya ce musu "kids", wallahi ya san awaki. Shi Bature ƙiriniyar ƙaramin ya gani. Mu kuma halin bunsuru muka gani. Dabba ɗaya ce, kowa da gefen da ya kalla. Faransawa ma haka: a Faransanci "biquet" ɗan akuya ne, amma uwa kan ce wa ɗanta "mon biquet" don so, kamar yadda tamu za ta ce ɗan lelena. Waɗanda suka yi lakwal a wannan ɓangaren wataƙila sun taɓa cin karo da ita a littafi.

Yanzu ga inda labarin ya yi ɗaci. Akwai kalmar da duk mai sauraron labarai a yankin nan ya haddace ko bai iya Turanci ba: "kidnap", satar mutane. Rabinta na farko "kid" ɗin nan ce tamu. Rabi na biyu, "nap", a zaurancen ɓarayi na nufin fizge ko cafke. An fara ganin kalmar a shekarun 1680. A wancan zamani Ingila na da gonakin taba a Bajiniya ta Amurka da gonakin rake a tsibirin Barbados, kuma masu gonakin na neman hannu ido rufe. Sai wasu suka mai da abin sana'a: su yaudari yaran talakawa a titunan Landan da Biristol da alewa ko alkawarin aiki, su kulle su, su sayar wa masu jirgin ruwa, a kai su can su yi shekaru suna bauta. Ba ɓarayi kaɗai ba, hukuma ma ta taɓa yin irinsa: a 1619 mahukuntan Landan sun tattara yara marasa galihu kimanin 100 suka tura Bajiniya.

Akwai wani da labarinsa ya shahara, Peter Williamson, ɗan Sikotland. A shekarun 1740 aka sace shi yana yaro a bakin tashar jiragen ruwa ta Abadin, aka sayar da shi a Filadelfiya. Bayan shekaru ya dawo gida ya rubuta abin da ya same shi, har ya nuna cewa akwai hannun attajiran garin a cinikin. Mahukuntan Abadin suka sa aka ƙone littafin a bainar jama'a, suka kore shi daga gari. Ya kai ƙara kotu, ya ci nasara, aka biya shi diyya. Na tsaya a kansa ne saboda mu da ke zaune a inda ake ɗauke mutum daga gona ko daga bayan shanunsa mukan ɗauka wannan masifa sabuwa ce, ko tamu ce mu kaɗai. Kalmar da ƴan jarida ke amfani da ita ta haura shekara 300, kuma a kan ƴaƴan Turawa aka ƙirƙire ta. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa, ta haɗa babba da yaro, shi ya sa yau za ka ji an ce an yi "kidnapping" ɗin tsoho mai shekara 70 ba wanda ya ga abin dariya a ciki.

Wani mai sauraro da ya taɓa zama a Jamus ya turo saƙo yana cewa ai daga Jamusanci aka samo kalmar, don su "Kind" suke ce wa yaro. Hasashe ne mai kyau, kuma ba shi ya fara ba. Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamus na Ingilishi a 1755, shi ma ya danganta "kidnap" da kalmar "kind" ta mutanen Holan. Amma masana harshe na baya sun raba su. "Kind" dangin "kin" ce ta Ingilishi, mai nufin dangi, tushenta haihuwa. Ƴar uwar "kid" ta gaskiya a Jamusanci ita ce "Kitz", kuma har yau dabba take nufi, ɗan akuya ko ɗan barewa. Kama da wane ba ta wane. Mu ma muna da gari da gari, na zama da na tuwo, ba abin da ya haɗa su sai rubutu.

Daga bakin ɓarayi kalmar ta yi ta hawa a hankali. Zuwa shekarun 1840 ta zama maganar kowa da kowa a hira, ko da yake masu ji da kansu sun daɗe suna yatsina mata fuska. Har cikin ƙarnin da ya wuce akwai malaman makaranta a Ingila da Amurka da in ɗalibi ya rubuta "kids" sai su ja masa jan biro, su ce awaki ke da "kids", mutane "children" suke haifa. Ka ga ke nan Baba na da magoya baya har a can. Amurkawa ne suka fi rungumar ta, su kuma suka watsa ta duniya ta fina-finai da waƙoƙi da talla. A 1921 Charlie Chaplin ya fitar da fim mai suna The Kid a kan wani yaro da aka tsinta. Kafin nan akwai wani ɗan fashi a yammacin Amurka da ake wa laƙabi da Billy the Kid saboda ƙuruciyarsa, wanda aka harbe a 1881 yana da shekara 21. Cikin laifukansa har da satar shanu da dawaki, don haka ba mutuminku ba ne. Abin dariyar shi ne, a Turanci bunsuru "billy goat" ake ce masa, akuya kuma "nanny goat", kuma Billy da Nanny sunayen mutane ne na shagwaɓa. Wato Bature ya ɗauki sunan akuya ya ba ɗansa, ya ɗauki sunan ɗansa ya ba akuya.

Ma'anar farko fa ba ta mutu ba, kuma nan ne abin ya shafi aljihunka. A cinikin fata "kid" ko "kidskin" na nufin fatar ƙaramin akuya, mai laushi, wadda ake ɗinka safar hannu da takalma masu tsada da ita. Saboda laushinta ne in Bature zai ce a lallaɓa mutum sai ya ce a taɓa shi da "kid gloves". Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato na cikin waɗanda duniya ta fi yabo. Ɗaruruwan shekaru ayari na ɗaukar jemammiyar fata daga Kano da kewayenta ya ƙetare Sahara da ita zuwa Afirka ta Arewa, daga can ta shiga Turai, Turawa suna kiranta fatar Maroko don ta hannun can ta iso musu. Akuyarmu, aikin majemanmu, sunan wasu. Saboda haka in ka ga "kid" a takardar kwastan ko a jerin farashin wani kamfanin fata, kada gabanka ya faɗi.

Wanda ya fi wannan muhimmanci, maganin dabbobi. Yawancin magungunan da ke shigowa kasuwanninmu daga ɓangaren Najeriya da Turanci aka rubuta bayaninsu. A jikin kwalbar maganin tsutsar ciki kana iya ganin an jera "calves", "lambs", "kids", kowanne da awonsa. Maruƙa ke nan, da ƴan raguna, da ƴan awaki. Na roƙe ka don Allah, ka ji wannan da kyau: "kids" na jikin maganin dabbobi ba yaran gida ba ne. Yaro ɗan makaranta da ya saba jin malama na ce musu "kids" yana iya karanta maka kwalbar ya ce ai an rubuta har yara na sha, kuma da zuciya ɗaya zai faɗa. Maganin dabba ba na mutum ba ne ko da sunan ya zo ɗaya, ƙarfinsa daban, haɗinsa daban. Haka kuma in ka ga "for kids" a kan ruwan magani a kemis, ko a kan takalma da riguna a dilar gwanjo, to na ƴaƴan mutane ne. Dubi hoton da ke jikin kwalba, dubi shagon da ka saya, in ka yi shakka ka tambayi malamin dabbobi ko na asibiti. A ɓangaren Faransanci wannan ruɗani bai taso ba, don su "chevreau" ko "cabri" suke rubutawa in ɗan akuya ne, "enfant" in ɗan mutum ne.

Akwai kuma "kidding". A takardun kiwo tana nufin haihuwar akuya. A hira kuma in abokin cinikinka ya faɗi farashi ka zare ido, ya yi dariya ya ce yana "kidding", to wasa yake maka. Wannan ma daga zaurancen ɓarayi ta fito a farkon ƙarni na 19, ma'anarta a mai da mutum yaro, a ruɗe shi da zance yayin da wani ke lalube masa aljihu.

To a ina ya dace ka yi amfani da kalmar? A hira da aboki, a waya, a kasuwa, ba laifi, ba kuma raini a cikinta. Malama da ta ce wa ajinta "kids" kamar ta ce "yarana" ne. Amma a takardar haihuwa, ko ta asibiti, ko gaban alƙali, ko in jami'in kan iyaka ya tambaye ka su wane ne waɗannan da ke tare da kai, "child" da "children" ake so. Kada kuma ka ce wa babban mutum "kid", don a nan ta koma raini, daidai da ka ce wa mai gemu yaro. In Turancin kasuwa kake yi da mutanen kudu ko na Kamaru, su "pikin" suke cewa, kalmar da ta samo asali daga Turawan Fotugal da suka fara zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma a ƙarni na 15, a harshensu "pequeno" ƙarami ne. Ita "pikin" ba ta ware mutum da dabba, kamar dai "ɗa" tamu: ɗan mutum, ɗan akuya, ɗan zaki.

Da mako ya zagayo muka karanta wannan bayani a iska, Baba ya sake bugowa. Ya ce ya ji, kuma ya fasa zuwa makarantar. Amma ya ce in faɗa wa malamar, in tana saurare, shi dai a gidansa ba a yarda ba, can a aji su ƙarata. Sai ya tambaye ni ko Turawan nan masu jirgin ruwa sun zo da awakinsu ne ko na mutanen gari suka tarar, don in nasu ne yana son jin irinsu da yawan nonon da suke bayarwa. Lokaci ya ƙure mana kafin mu shiga wannan.